ƘASUSUWAN DA SUKA ZAMA DUTSE: YADDA AKA GANO MANYAN MACIYA NAMA NA ZAMANIN DA

A cikin watan Disamba na shekarar 1997 waɗansu masana suna yawo a ƙasa cikin rairayin Tenere, gabas da Agadas a Jamhuriyar Nijar, kowa kansa a sunkuye kamar mai neman allurar da ta faɗi. Sai ɗaya daga cikinsu, mai suna David Varricchio, ya hangi wani abu kwance a fili bisa yashi. Da ya matsa sai ya ga farce ne mai lanƙwasa kamar lauje, ya fi tafin hannun babban mutum tsawo, ya kuma riga ya zama dutse. Ba na zaki ba ne, ba kuwa na wata dabba da ke yawo a duniya yau. Suka dinga haƙa a wurin har suka tono ɗaruruwan gutsattsarin ƙashi. Da aka harhaɗa su sai ga wata dabba mai tafiya da ƙafa biyu, tsawonta wajen mita 11, watau kusan tsawon bodin tirelar da ke ɗauko shanu daga Arewa zuwa Ikko.

Wurin da aka yi wannan tsintuwa sunansa Gadufawa. Dabbar kuwa tana cikin jinsin da Turawa su ke kira dainoso, waɗanda suka mallaki doron ƙasa shekaru fiye da miliyan 130, kana suka ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce. Waɗansunsu ciyawa da ganye su ke ci, waɗansu kuwa nama. To, jama'a masu karatu, a kan waɗannan maciya nama za mu yi bayani yau: yadda aka gano su, da yadda a ke rarrabe su dangi dangi, alhali ba mahalukin da ya taɓa ganin ko ɗaya da rai.

YADDA ƘASHI KE ZAMA DUTSE

Kowa ya san in saniya ta mutu a daji, kafin kwana kaɗan ungulu da kura sun gama da ita, rana da ruwa kuma su rududduge abin da ya saura. Haka ya faru ga mafi yawan dabbobin da. Amma jifa jifa a kan sami wadda ta mutu a bakin kogi, ambaliya ta zo ta binne ta cikin laka da yashi tun ba ta watse ba. Shekara da shekaru ƙasa tana hawa bisa ƙasa, ruwan da ke ratsawa yana shigar da ma'adinai cikin ƙofofin ƙashin, har ya yi nauyi ya taurare. Daga baya iska ko ruwa su zaizaye ƙasar, ƙashin ya sake fitowa sarari. Dalili ke nan da ya sa hamada ta zama wurin neman irin wannan kaya, don ba ciyawar da za ta rufe shi.

In an sami ƙashin ba a fizge shi. Sai a share gefensa a hankali, a naɗe shi da tsumman buhu da filasta irin ta ɗorin asibiti, a ɗauke shi tare da dutsen da ya ke ciki. Tsabtace ƙashi ɗaya ya kan ci watanni.

ILMIN MAHAUTA

Duk wanda ya daɗe a mayanka, ko a Agege ko a Bodija, in ka miƙa masa ƙashi guda zai gaya maka na sa ne ko na raƙumi, na cinya ne ko na kafaɗa, babba ce dabbar ko ƙarama. Ba duba ya ke yi ba, sabo ne da gwada wannan da wancan. Aikin masanan nan ke nan, sai dai su nasu ya fi wuya, domin ba su taɓa ganin dabbar a tsaye ba.

A Ingila aka fara. Masu fasa dutse a wani ƙauye mai suna Stonesfield, kusa da Okusfod, suka riƙa tono waɗansu manyan ƙasusuwa, har da ɓarin muƙamuƙi da haƙoransa. A cikin 1824 wani malamin jami'a, William Buckland, ya yi bayaninsu, ya raɗa wa dabbar suna Megalosaurus, ma'ana ƙaton ƙadangare. Haƙoran masu kaifi ne, gefensu da tsaga tsaga kamar zarto. Da ganin kura an san za ta ci akuya. Buckland ya ce wannan nama ta ke ci. A cikin 1842 wani masani, Richard Owen, ya lura cewa wannan dabba da waɗansu biyu da aka samu a Ingila sun yi tarayya a ginin ƙugu, ƙafafunsu kuma a miƙe su ke ƙarƙashin jiki, ba a baje gefe kamar na damo da kada ba. Shi ne ya haɗa su ya ba su sunan dainoso. A cikin 1881 wani Ba'amurke, Othniel Marsh, ya ware maciya naman ya kira su Theropoda. Alamominsu su ne tafiya da ƙafa biyu, da manyan yatsu uku a ƙafa, da ƙasusuwa masu rami a ciki.

Amma da fari an yi kwamacala. Shekaru da dama duk wanda ya tsinci haƙori mai zarto, ko a Turai ko a Afirka, sai ya ce Megalosaurus ne, har sunan ya zama kamar kwandon da kowa ke jefa abin da ya rasa inda zai sa. A cikin 1925 waɗansu Faransawa biyu suka yi bayanin haƙoran da aka samu a hamadar Aljeriya, su ma suka jefa su cikin kwandon nan. Wanda ya tsamo su wani Bajamushe ne, labarinsa kuwa abin tausayi ne.

ASARAR DA AKA YI A MUNIK

Ernst Stromer malami ne a birnin Munik na Jamus. Ya sauka Masar a ƙarshen 1910, ya hau raƙumi zuwa dausayin Bahariya a hamadar yamma da kogin Nilu. Akwai wani mai taimaka masa, Richard Markgraf, wanda ya zauna can yana tono yana aika masa. A cikin 1912 Markgraf ya sami ƙasusuwan da ba a taɓa ganin irinsu ba. Muƙamuƙin dogo ne siriri, haƙoran a mulmule kamar turaku, ba zarto. A kan gadon baya kuma ga waɗansu dogayen ƙasusuwa tsaye kamar dirkoki, mafi tsawonsu ya kai mita 1 da santimita 65, watau tsayin mutum. A cikin 1915 Stromer ya sa wa dabbar suna Spinosaurus, sabo da waɗannan ƙayoyi na bayanta.

Yaƙin duniya na farko ya tsare sauran akwatunan a Masar. Markgraf ya mutu a 1916, kayan kuwa ba su isa Munik ba sai 1922, da yawa a farfashe. Stromer ya zauna yana ɗori har ya fitar da waɗansu dabbobin. Cikinsu akwai wata mai faffaɗan haƙori kamar wuƙa, ya ga ya yi daidai da waɗancan na Aljeriya. A cikin 1931 ya ba ta suna Carcharodontosaurus, domin haƙorin ya yi kama da na babban kifin teku da a ke kira shak.

Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Stromer ya roƙi a kwashe ƙasusuwan daga gidan tarihin Munik a ɓoye su wani wuri. Shugaban gidan, wanda ya ke ɗan jam'iyyar Hitila ne, ya ƙi. A daren 24 ga Afrilu, 1944, jiragen saman Ingila suka yi wa birnin ruwan bom, aikin shekara talatin ya zama toka kafin gari ya waye. Ba nan asarar ta tsaya ba. 'Ya'yansa uku maza duk an kai su fagen fama, biyu suka mutu, na ukun ya daɗe a hannun Rashawa kafin ya komo. Stromer ya mutu a 1952. Abin da ya rage wa duniya daga Spinosaurus sai zane da bayanin da ya rubuta, da 'yan hotuna.

Amma rubutu mai kyau ba ya faɗuwa ƙasa banza. A cikin 2025 waɗansu masana a Munik suka sake nazarin tsofaffin hotunan ƙasusuwan da suka ƙone, suka ce waccan dabba ta Masar da Stromer ya haɗa da haƙoran Aljeriya ashe wata iri ce daban. Suka raɗa mata Tameryraptor markgrafi, don tunawa da Markgraf. Ka ji an yi wa dabba suna shekara 81 bayan ƙashinta ya ƙone.

ARZIKIN DA KE ƘARƘASHIN RAIRAYIN NIJAR

Buzaye da ke ratsa Tenere da raƙuma sun daɗe da sanin manyan ƙasusuwan da ke warwatse a can. Daga wajen 1946 wani Bafaranshe, Albert de Lapparent, ya yi ta zagaya Sahara yana tattara su. Bayan haka masu neman ma'adinin yuraniyam suka ci karo da na Gadufawa, aka aiko wani saurayi, Philippe Taquet, a 1965. Shi ya fitar da Ouranosaurus, mai cin ganye, shi da wata masaniya kuma suka yi bayanin wani shirgegen kada mai suna Sarcosuchus a 1966. Wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa.

Daga 1993 sai Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya shiga kai ayari Nijar. A wannan shekara, kusa da Ingal, ya sami ƙwarangwal ɗin wani maci nama kusan cikakke, mai tsawon wajen mita 8, ya kira shi Afrovenator, watau mafaraucin Afirka. Da aka gwada ƙasusuwansa sai aka ga ashe shi kam ɗan'uwan Megalosaurus ne na gaske. Ayarinsa ne kuma ya tsinci farcen da muka fara da shi.

Ta yaya aka san dangin mai farcen nan? A cikin 1983 wani mai gyaran famfo a Ingila, William Walker, wanda tara duwatsu ya ke sha'awarsa, ya tsinci irin wannan babban farce a ramin yumɓu. Da aka tono sauran jikin sai ga dogon baki irin na kada, a wajen cikinta kuma ga ɓawon kifi. Aka sa mata Baryonyx a 1986. To, ta Gadufawa ma bakinta haka ya ke, da haƙora fiye da 100, ga kuma 'yar danga a baya. A cikin 1998 aka ba ta suna Suchomimus, ma'ana mai kwaikwayon kada. Nan aka tabbata cewa ta Ingila, da ta Nijar, da ta Masar da ta ƙone, duk gida ɗaya ne, gidan masunta. Wannan ya nuna cewa inda yau ba ko ɗigon ruwa, shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce manyan koguna ne cike da kifi.

Ko a nan ma akwai gardama. A cikin shekarar nan ta 1998 Taquet da wani abokin aikinsa sun riga sun sa wa waɗansu gutsattsarin muƙamuƙi daga Gadufawa suna Cristatusaurus. Waɗansu masana suna cewa dabba ɗaya ce da Suchomimus, waɗansu suna cewa gutsattsarin sun yi kaɗan a yanke hukunci da su.

Sereno ya kuma samo wani gida na uku a Nijar, masu gajeren baki da fuska mai kaushi, irin su Rugops da aka yi bayaninsa a 2004 da Kryptops a 2008. A 1995 kuwa, a yankin Kem Kem na Maroko, ya tono ƙoƙon kan Carcharodontosaurus mai tsawon wajen mita ɗaya da rabi, ya maye gurbin abin da aka rasa.

CIGIYAR MAI GASHIN BAKI

Saura Spinosaurus. A cikin 2008 wani ɗalibi, Nizar Ibrahim, ruwa biyu ne Jamus da Maroko, yana garin Erfud sai wani mai tonon duwatsu ya kawo masa 'yan ƙasusuwa cikin kwali. Daga baya ya je gidan tarihi na Milan a Italiya, aka nuna masa waɗansu ƙasusuwa da suka fito ta hannun 'yan kasuwa, ya ga launinsu da dutsen da ke jikinsu iri ɗaya ne da na kwalin nan. Ya gane dabba ɗaya ce aka raba, amma ba wanda ya san ramin da ta fito. Bai riƙe sunan mutumin ba, abin da ya tuna kurum yana da gashin baki. A 2013 ya koma cigiya, har ya kusa fid da rai, sai ga mutumin ya gifta ta gabansa yana zaune yana shan shayi. Shi ya kai shi ramin.

Abin da aka samu ya ba da mamaki. Ƙafafun baya gajeru ne, ƙasusuwan kuma a cushe su ke. A 2020 aka nuna wutsiyar, mai faɗi kamar filafilin kwalekwale. Ibrahim da abokansa suka ce dabbar cikin ruwa ta ke farauta. Sereno da waɗansu suka ce a'a, a bakin ruwa ta ke tsayawa tana cafke kifi kamar zalɓe. Har yanzu ba a rufe wannan shari'a ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne tsawonta ya kai mita 14 ko fiye, ba a san wani maci nama na tudu da ya fi ta tsawo ba.

SARKIN AMURKA DA SAURAN SARAKUNA

Wanda ya fi suna a duniya shi ne Tyrannosaurus rex. Barnum Brown ya tono shi a jihar Montana ta Amurka a 1902, Henry Osborn ya raɗa masa suna a 1905. A takarda ɗaya Osborn ya sa wa wani ƙwarangwal wani suna dabam, shekara na kewayowa ya gane dabba ɗaya ce, ya soke na biyun. Mafi shahara cikin waɗanda aka samu, wanda ke gidan tarihi na Field a Shikago, tsawonsa ya ɗara mita 12, nauyinsa da rai an ƙiyasta ya kai tan 8, watau manyan bijimai wajen 20.

Mai kallo zai ce ai shi da Carcharodontosaurus duk ɗaya ne. Amma kama da wane ba ta wane. Haƙorin na Amurka kauri gare shi, na farfasa ƙashi ne. Na Afirka falale ne, na yankan tsoka. Na Amurka yatsu biyu gare shi a hannu, dangin na Afirka uku. Tsakanin zamaninsu kuma akwai shekaru wajen miliyan 30. 'Yan'uwan Carcharodontosaurus na kusa suna Ajantina, kamar Giganotosaurus da aka samu a 1993. Dangin Spinosaurus kuma an same su a Barazil.

Me ya kai dangi ɗaya gaɓa biyu na teku? Amsar ta shafi ƙasar da mu ke takawa. A wancan zamani Afirka da Amurka ta Kudu a manne su ke. Bakin tekun nan na Ikko da Badagiri, da can arewa maso gabashin Barazil ne ke jingine da shi, sai wajen shekaru miliyan 100 da suka wuce suka gama rabuwa, ruwa ya shiga tsakani.

Daga baya wani reshen teku ya malala cikin Sahara har ƙasar Sakkwato. Shi ya sa aka tono ƙasusuwan wani babban maci nama a can, wanda masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Sai dai a lura, shi ba dainoso ba ne. Ƙadangaren teku ne, ya fi kusa da damo da guza. Haka shi ma kadan nan na Gadufawa, kome girmansa kada ne. Girma ba shi ke sa dabba cikin dangi ba, ginin ƙashi ne.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, in ana neman dangin maciya naman nan da ke da rai yau, sai a duba akurki. Ƙafar kaza mai yatsu uku a gaba, da ƙashinta mai rami, da ɗan ƙashin nan mai reshe biyu na ƙirjinta, duk an same su a jikin Theropoda. Daga 1996 aka shiga tono waɗansu a ƙasar Sin da alamar gashi irin na tsuntsu a jikinsu. Masana yanzu sun haɗu a kan cewa tsuntsaye reshe ne na wannan gida, su kaɗai suka tsira.

KAYAN WA?

Ƙasusuwan nan sun zama haja. A 1997 an yi gwanjon wancan na Shikago a kan dala miliyan 8 da 'yan kai, a 2020 aka sayar da wani a kan fiye da dala miliyan 31. Inda kuɗi ya shiga haka, ɓarna ba ta nisa. Mai tono don sayarwa ba ruwansa da rubuta inda ƙashi ya fito, da irin dutsen da ya ke ciki, alhali kuwa da wannan ne a ke sanin shekarunsa. Ya kan raba dabba ɗaya ga masu saye daban daban, kamar yadda aka yi wa Spinosaurus na Maroko. Wani ma har ƙari ya kan yi. Akwai ƙoƙon kai daga Barazil da dillalai suka ƙara wa tsawon baki da filasta, masana suka sha wuya kafin su ɓamɓare, don haushi suka sa wa dabbar suna Irritator, watau mai ban haushi.

Waɗansu ƙasashe sun tashi tsaye. A 2013 Amurka ta mayar wa Mongoliya ƙwarangwal ɗin Tarbosaurus, ɗan'uwan Tyrannosaurus, wanda aka fitar ta ɓarauniyar hanya aka kai gwanjo. A 2023 Jamus ta mayar wa Barazil wani ƙaramin dainoso. Mu ma ya kamata mu farga. Kaya ba ya zama gida sai da ɗakin ajiya mai kyau, da 'yan ƙasa masu ilmin kula da shi, labarin Munik kuwa ya isa ishara cewa ko a Turai ajiya ta kan salwanta. In ba mu koya wa yaranmu wannan ilmi ba, kullum sai baƙo ya zo ya gaya mana abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, ya kuma tafi da shi.

Sabo da haka, ɗan'uwa, in ka je ganin gida, ko wajen haƙar rijiya ko a gefen kwari, ka ga ƙashi mai nauyin dutse, kada ka fasa, kada ka sayar wa mai wucewa. Ka bar shi inda ya ke, ka shaida wurin, ka sanar da gidan tarihi ko sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ke kusa da kai.